Shugabanmu ya ce in rubuta albashin da muka biya da kuɗin rijiyoyi a matsayin kuɗin aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai riƙe da littafin kuɗi a wata ƙaramar ƙungiyar agaji. Bara wata gidauniya ta ba mu miliyan 30 don haƙa rijiyoyin burtsatse, mun kashe 12 a kan aikin. Akwai kuma ragowar miliyan 4 na kuɗin makarantar marayu da jama'a suka tara mana. Da kuɗin gudanarwa ya ƙare, sai shugabanmu ya riƙa cewa in taɓa na rijiyoyin in biya albashi da haya, wai za a mayar idan wani tallafi ya shigo. Na riga na ɗebi miliyan 3, yanzu 19 ne a banki. Ga ƙarshen shekara ya zo, odita na tafe, shugaba ya ce in shigar da ukun nan a matsayin kuɗin sa ido kan aikin rijiyoyi, a rufe maganar. 'Yan kwamitin amintattu kuwa suna ganin 19 a banki suna cewa ai muna da kuɗi. Bawan Allahn nan ba ɓarawo ba ne, ko sisi bai sa a aljihunsa ba, amma na kasa barci. Sata na yi? Kuma yaya zan rubuta wannan a rahoton shekara?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, abu biyu ne a cikin wasiƙarki, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya riga ya faru, wato miliyan 3 da aka ɗeba aka biya albashi da haya. Akwai kuma wanda bai faru ba tukuna, wato rubuta su da sunan da ba nasu ba. Na farkon ba zan kira shi sata ba, tunda ba aljihun kowa ya shiga ba, amma amana ce aka taɓa ba da izinin mai ita ba. Laifi ne, sai dai yana gyaruwa. Na biyun kuwa ƙarya ce a rubuce, da sa hannunki a ƙasa. Ranar da ta tonu ba wanda zai tsaya jin cewa tausayin ma'aikata aka ji. Abin da za a gani shi ne an kai wa mai tallafi rahoton bogi, kuma ke kika haɗa shi. Don haka kafin komai, kada ki shigar da wannan kuɗi a matsayin kuɗin sa ido, ko da ran shugaba zai ɓaci.

Ga lissafin da ya kamata 'yan kwamitinku su gani, bai ma kai rabin shafi ba. An ba ku 30 na rijiyoyi, kun kashe 12, saura 18. Na marayu saura 4. Ke nan kuɗin da kuke riƙe da shi mai ƙaidi, wato wanda aka ɗaure da wani aiki na musamman, 22 ne, a banki kuma 19. To me ya rage wa ƙungiya na kanta? Babu komai, sai ma giɓin 3. Idan akwai bashin da ba a biya ba tukuna, kamar na mai gidan haya ko harajin da aka cire daga albashi ba a kai ba, sai ki ɗora a kai. Takardar banki ba ta bambance kuɗin wane da na wane, jimla kawai take nunawa. Shi ya sa mutanen kirki ke zama a taro suna kallon adadi mai kauri suna murna, alhali ƙungiyarsu ta riga ta fara cin abin da ba nata ba.

Ki gane wa ke sa ƙaidi a kan kuɗi, domin nan ne shugabanki ya ruɗe. Mai bayarwa ne kaɗai ke sa shi, kuma shi kaɗai ke kwance shi. Yana iya ɗaure kuɗin da manufa, ya ce rijiyoyi kawai. Yana iya ɗaure shi da lokaci, ya ce sai shekara mai zuwa. Yana iya cewa kada a taɓa uwar kuɗin har abada, ribar kaɗai za a riƙa kashewa, irin tsarin wakafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar, aka tsare asalin aka riƙa sadaka da amfanin. Ba lallai sai da doguwar yarjejeniya ba. Idan kun fito a rediyo ko Facebook kun ce a taimaka wa marayu da kuɗin makaranta, duk wanda ya turo a kan wannan kiran ya ɗaure kuɗinsa ke nan, kalmomin da kuka yi roƙon da su su ne ƙaidin. Wannan daban yake da kuɗin da kwamitin amintattu ya ware da kansa, misali ya ce a ajiye kaza don sayen mota. Wanda kwamiti ya ware, kwamiti na iya zama ya sake shawara gobe. Wanda mai bayarwa ya ɗaure kuwa, matsayinku a kansa na ɗan aike ne: kuɗin na hannunsa, amma ba shi ke zaɓar gidan da zai kai ba.

Yanzu ga inda nake so ki ba lokaci sosai, domin mai yiwuwa ne giɓin bai kai 3 ba. Ɗauko takardar yarjejeniyar gidauniyar da kasafin da aka amince da shi, ki karanta layi bayan layi. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa suna cutar kansu ta hanyar biyan hidimar aikin mai tallafi daga aljihunsu, don ba su san haƙƙinsu ba ne. A cikin ma'aikatan da kika biya albashi, akwai wanda ke zuwa wurin haƙa, yana duba ɗan kwangila, yana rubuta rahoto? Idan kasafin ya tanadi albashin jami'in aiki, kuma rabin lokacinsa a kan rijiyoyin yake tafiya, to rabin albashinsa halal ne ya fito daga kuɗin rijiyoyi. Duba kuma ko akwai kaso na kuɗin gudanarwa da aka yarda ku cira. Manyan masu tallafi sun san da wannan buƙata. Tarayyar Turai ta saba amincewa da har kashi 7 cikin 100 na kuɗin aiki kai tsaye a tallafinta na ƙasashen waje. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana ba da kashi 10 ga ƙungiyar da ba ta da wani kaso da aka yi ciniki a kansa, sannan daga Oktoban 2024 ta ɗaga shi zuwa kashi 15. Idan yarjejeniyarku na da irin wannan layi kuma ba ki taɓa cira ba, kuɗinku ne yake zaune a can.

Amma ki lura da bambancin wannan da abin da shugaba ke nema, don daga nesa suna kama. Shi ya fara ne da adadin da yake so ya ɓoye, sannan ya nemo masa suna. Ke kuwa za ki fara ne da hujja, ki ga adadin da za ta haifar. Hujjar ita ce takardar ɗaukar aiki da ta nuna aikin mutum, takardar lokutan aiki da ya cika, rahoton tafiye-tafiyensa, da ma'auni guda na raba kuɗin haya da wuta da kike amfani da shi a kan kowane aiki, ba wanda ake sauyawa gwargwadon inda kuɗi ya fi yawa ba. Idan hujja ta ba ki miliyan 1, to 1 za ki shigar, giɓin ya koma 2. Idan ba ta ba ki komai ba, ya tsaya a 3. Kada a zauna yau a cike takardun lokutan aiki na watannin baya a sa musu tsohon kwanan wata. Odita mai ido yana gane takardu goma sha biyu da aka rubuta rana ɗaya da biro ɗaya. In babu takardun, a yi ƙiyasi na gaskiya, a rubuta cewa ƙiyasi ne, a nemi amincewar gidauniyar a kansa.

Batun rahoton shekara kuwa, tsarin bai da wuyar da ake zato. Rahoton shige da ficen kuɗi na ƙungiyar agaji ana raba shafinsa gida-gida: gidan kuɗi marar ƙaidi, gidan mai ƙaidi, sai na jimla. A Birtaniya ƙa'idar da ake kira SORP ta tanadi haka, har da gida na musamman don kuɗin wakafi. A Amurka hukumar FASB, mai tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi, ta sauƙaƙa abin a 2016, ta rage rukunan daga uku zuwa biyu, mai ƙaidin mai bayarwa da marar shi, ta kuma wajabta wa ƙungiyoyi su bayyana abin da suke da shi a hannu wanda za su iya kashewa a hidimar yau da kullum cikin shekara guda. Wannan bayani an ƙirƙire shi ne saboda irin ruɗin da 'yan kwamitinku ke ciki. A 2025 kuma aka fitar da INPAS, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lissafin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wadda CIPFA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Birtaniya, da Humentum, ƙungiyar da ke taimaka wa ƙungiyoyin agaji a harkar gudanarwa, suka jagoranci haɗawa. Ki tambayi oditanku wace ƙa'ida dokar ƙasarku ta ɗora muku, amma duk wadda aka bi, magana ɗaya ce: mai karatu ya iya ganin abin da ke ɗaure da abin da ke sake.

A naku lissafin, albashi da hayar nan za su shiga gidan marar ƙaidi, domin can ne muhallinsu. Gidan zai nuna giɓin 3, ki bar shi ya nuna. Asusun rijiyoyi zai ci gaba da nuna 18, don abin da ake bin ku ke nan na aiki, ko da tsabar da ke tsaye a bayansa 15 ce. Sai a cikin bayanan da ke biye da rahoton a rubuta a fili cewa asusun gudanarwa ya ari miliyan 3 daga asusun rijiyoyi, da ranar da ake sa ran mayarwa. A cikin bayanan nan akwai jadawalin da na fi ba muhimmanci a kan duk sauran shafukan. Kowane asusu yana da layinsa, a gabansa kuma gida biyar: abin da aka buɗe shekara da shi, abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka matsar tsakanin asusu da asusu, da abin da aka rufe da shi. Rijiyoyi layi ɗaya, marayu layi ɗaya, gudanarwa layi ɗaya. Wanda bai taɓa karatun akanta ba ma zai gane shi cikin minti biyu. Ina ba ki shawarar ki riƙa fitar da shi duk wata, ba sai ƙarshen shekara ba, ki ɗora shi a saman takardar banki duk lokacin da kwamiti zai zauna.

Akwai wani tarko da zai iya fitowa a rahoton. Idan an shigar da miliyan 30 ɗin gaba ɗaya a matsayin kuɗin shiga na shekarar da aka karɓa, aka kashe 12 kawai, gidan jimla zai nuna rarar 18. Ba rara ba ce, aikin da ba a gama ba ne. Shekara mai zuwa da za a kashe su ba tare da sabon shiga ba, sai rahoton ya nuna babban giɓi, shi ma ba asara ba ce. Sannan idan yarjejeniyar ta ce kuɗin ba ya zama naku sai kun cika wani sharaɗi, kamar kammala kowace rijiya, kuma abin da ba a cika ba a mayar, to wasu ƙa'idojin suna ɗaukar abin da aka karɓa kafin cika sharaɗin a matsayin bashi a kanku, ba kuɗin shiga ba. Ki kai wa odita yarjejeniyar ku yanke wannan tare tun kafin ya fara aiki.

Sai maganar da ta fi nauyi a baki, wato sanar da gidauniyar. Na san tsoron da ke ranki, kada su janye tallafin. Yana iya faruwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma wanda ya zo da kansa ya ce ga abin da ya faru, ga adadin, ga yadda za mu mayar, ba a yi masa kallon da ake yi wa wanda bincike ya bankaɗo. Wasiƙar ta zama gajera: nawa aka ɗeba, a wane watanni, me aka biya da su, da jadawalin mayarwa da za ku iya cikawa da gaske. Kuna iya roƙon ɗaya daga cikin abu biyu, ko su ba ku wa'adin mayarwa, ko su yarda a gyara kasafin a sako wani kaso zuwa gudanarwa. Duk abin da suka amsa, ya zo a rubuce daga wanda ke da ikon sa hannu. Jami'in da ya ce miki babu damuwa a waya yana iya barin aiki, wanda ya gaje shi kuma takarda zai nema.

Manyan ƙungiyoyin duniya ma sun sha gwajin nan. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara sama da dala miliyan 500 a asusun da ta kira Liberty Fund, sai aka ji tana shirin ajiye wani kaso don wasu buƙatu na gaba. Buƙatun ba na banza ba ne, amma masu bayarwa ba don su suka bayar ba. Aka yi ca a kanta har a majalisar dokoki, shugabarta Bernadine Healy ta sauka, a watan Nuwamba kuma ƙungiyar ta sanar cewa kuɗin duka zai tafi ga waɗanda harin ya shafa. Ki kwatanta da ƙungiyar likitoci ta MSF bayan ambaliyar tsunami ta Disamban 2004. Cikin 'yan kwanaki ta ga kuɗin da ya shigo ya wuce abin da aikinta a can ke buƙata, sai ta fito ta ce a dakata da turowa, ta kuma koma wa masu bayarwa tana neman izinin karkatar da ragowar zuwa wasu wuraren da ke cikin bala'i. Mafi yawansu suka amince. Dukansu biyu sun so kashe kuɗi a wani wuri daban, ɗaya ta tambaya, ɗaya ba ta tambaya ba.

Miliyan 4 na marayu kuwa, ki tsare shi fiye da komai. Gidauniya guda ce, kina iya rubuta mata ta amsa. Mutanen da suka turo ƙananan kuɗi ba ki da hanyar tara su ki nemi izini, don haka kwance wannan ƙaidin ya fi wuya nesa ba kusa ba. A Ingila irin wannan sauyi yakan kai ga neman yardar hukumar kula da ƙungiyoyin agaji. Nan gaba idan za ku yi roƙo, ku ƙara jumla ɗaya da ke cewa abin da ya yi saura za a sa shi a aiki makamancinsa. Tun ran gini ran zane.

Kafin wasiƙar gidauniya, kwamitin amintattu ne zai fara ji. Shugaba ba shi ne ƙungiya ba, kuma alhakin kuɗin a wuyan amintattu yake. A dokar Ingila, kashe kuɗi mai ƙaidi a wata manufa daban cin amanar riƙo ne, kuma ana iya tilasta wa amintattu su biya daga aljihunsu. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma haƙƙinsu ne su san abin da ake yi da sunansu. Ki fara zama da shugaban ku biyu, cikin girmamawa, ki nuna masa rabin shafin nan. Ki ce masa: “Ranka ya daɗe, ba zan iya shigar da shi a haka ba, amma ga hanyar da za mu fita, kuma ya fi kyau kai ka gabatar wa kwamiti da bakinka.” Ki ba shi wannan damar da zuciya ɗaya. Mutumin da ya ga ma'aikatansa na shirin komawa gida hannu rabbana ya rasa yadda zai yi, ba mugu ba ne, matsi ne ya kai shi inda bai kamata ba. Sai dai ki sa wa abin rana, kuma ki bi bayan zaman da rubutacciyar takarda.

Za a ce miki a buɗe wa kowane tallafi asusun banki na daban. Yana taimakawa, wasu masu tallafi ma sharaɗi suke sa shi, kuma a halin da kuke ciki ina goyon bayan a ware na rijiyoyi da na marayu, da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga cikin amintattu. Amma asusu daban ba ya biyan albashi. Ciwon na asali shi ne hidimar ofishinku ta fi ƙarfin kuɗin da kuke samu marar ƙaidi, kuma tallafin da shugaba ke jira, in ya zo, mai yiwuwa shi ma da nasa ƙaidin zai zo. Idan aka ɗebi nasa aka cike ramin rijiyoyi, an matsar da ramin ne kawai. Miliyan 3 ɗin nan ba abin da zai mayar da shi sai kuɗi sakakke: gudummawar da ba a ɗaure ba, kuɗin membobi, kason gudanarwa na halal, ko rage kashewa, wanda zai iya nufin ƙaramin ofis ko rage ma'aikata. Kwamiti ne zai yanke wannan, ba ke ba. Daga nan kuma su fara tara ajiya sannu a hankali, ko da ta hidimar wata uku ce, su kuma daina karɓar aikin da ba ya ɗauke da kuɗin gudanar da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan kuwa kwamiti ya ji komai ya ce a bi maganar shugaba, to ki sani odita zai yi miki tambayoyi, kuma a ƙarshen bincike akan nemi shugabannin ƙungiya su sa hannu a takardar da ke tabbatar da cewa ba a ɓoye masa komai ba. Ki amsa masa abin da ya tambaya da gaskiya, ki ba shi yarjejeniyar da jadawalin asusun yadda suke. Kada ki rubuta baucan da kika san ba haka abin yake ba, kada kuma ki bari a yi amfani da lambar sirrinki ta kwamfuta a shigar da shi. In aka matsa miki lamba har ya zama ko sa hannu ko barin aiki, ki nemi shawarar lauya ko ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasarku kafin ki yanke, kuma ni dai barin aikin zan zaɓa miki. Kwafin takardar da kika rubuta wa shugaba da kwamiti ki ajiye shi a wurinki, da kwanan wata a kai. Daga yau kuma kada ki sake fitar da ko sisi daga kuɗin rijiyoyi don albashin wata mai zuwa sai da rubutacciyar amincewar gidauniyar. Allah ya warware miki, ya ba shugaban naku ikon karɓar gaskiya.